Tsunami: mintunan da ke tsakanin girgiza da zuwan ruwa

Ranar 26 ga Disamba 2004 da sassafe ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na Indonesiya, girgiza mai maki 9.1, kuma kafin rana ta faɗi an rasa mutum kusan 230,000 a ƙasashe 14. Yawancinsu ba gini ne ya danne su ba, ruwa ne ya cinye su. Abin da ya fi tsaya min a rai a wannan lamarin shi ne tsibirin Simeulue, wanda yana cikin wuraren da suka fi kusa da inda ƙasar ta tsage, mutanensa sun kai 78,000, amma bakwai kacal suka mutu. Banda Aceh kuwa, babban birnin lardin Aceh a arewacin Sumatra, da ta fi shi nisa, ga birni ga gwamnati ga rediyo ga talabijin, dubun dubata aka binne a manyan ramuka ba a ma san sunayensu ba. Mutanen Simeulue ba su da jiniya ba su da na'ura ko ɗaya. Abin da suke da shi labari ne da kakanni suka bari tun bala'in tsunamin 1907, suna kiransa smong, ana rera wa yara shi tun suna goye: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, in ka ga teku ya ja baya, kar ka tsaya kallo, hau tudu. Da abin ya zo haka suka yi, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

To kafin a zo kan gudu, bari mu fara da shi ruwan kansa, don mutane da yawa suna ɗauka igiyar ruwa ce irin wadda aka saba gani a bakin teku sai dai ta fi girma. Sam ba haka ba ne. Igiyar da aka saba iska ce ke kaɗa ta, saman ruwa kawai take motsawa, ta zo ta fashe ta koma cikin ƴan daƙiƙu. Tsunami daga ƙasan teku take tasowa. Doron duniya ba dunƙule ɗaya ba ne, manyan falaye ne na dutse da ke motsi a hankali, ƴan santimita a shekara, kuma a wasu wuraren wani falan yana kutsawa ƙarƙashin wani. Bakin na saman sai ya maƙale yana lanƙwasa, shekara ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, ran da ya suɓuce sai ya zabura sama lokaci guda. A 2004 tsawon wurin da ya tsage ya kai kilomita 1,300, kuma ƙasan tekun ya ɗaga da mitoci. Duk ruwan da ke bisansa, tun daga ƙasa har sama, zurfin kilomita huɗu ko fiye, dole ya motsa. Kamar dai ka cika baho da ruwa ka sa hannu a ƙarƙashi ka tura gindinsa sama, ruwan gaba ɗayansa ne zai yi tangal-tangal ya tafi gefe ya zube.

Shi ya sa ba kowace girgizar teku ke kawo tsunami ba. Sai mai ƙarfi sosai, galibi daga maki 7 zuwa sama, wadda ba ta da zurfi a cikin ƙasa, kuma wadda ta ɗaga ƙasan tekun ko ta sauke shi. A Afrilun 2012 an sake wata mai maki 8.6 a gefen Aceh ɗin nan dai, hankalin kowa ya tashi, amma da yake falayen gogar juna suka yi ta gefe ba ɗagawa ba, ruwan da ya zo bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wasu hanyoyin: dutse mai aman wuta ya fashe ko gefensa ya zaftare cikin ruwa, ko ƙasa ta zame a ƙarƙashin teku. Dutsen Krakatau mai aman wuta na Indonesiya a 1883 ya kashe mutum wajen 36,000, mafi yawa ta ruwa.

A tsakiyar teku abin ba ya ko nuna kansa. Tsayinsa bai fi mita ɗaya ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, masunci na cikin jirginsa igiyar za ta wuce ta ƙarƙashinsa bai sani ba, don tsakanin wannan tozon da na bayansa ana iya samun kilomita ɗari ko fiye. Amma gudunsa ya kai kilomita 700 zuwa 800 a awa, gudun jirgin sama kenan. Da ya doso gaɓa, ruwa ya rage zurfi, sai gaban ya rage gudu, bayan kuma yana ta tahowa da ƙarfinsa, sai ruwan ya taru ya hau kan juna ya tashi. Ko a nan ɗin ma yana yin kilomita 30 zuwa 40 a awa, wanda ba ɗan adam ɗin da zai tsere masa a ƙafa in har ya riga ya gan shi kusa. Kuma duk wanda ya kalli bidiyoyin tsunamin Japan na 2011 ya ga yadda yake: ba wani dogon bango mai kyan gani ba, baƙin ruwa ne mai kauri da yake ta shigowa yana ta shigowa ba ya tsayawa, minti goma, minti ashirin, ɗauke da motoci da kwanon rufi da katako da jiragen kamun kifi, wani wurin ma har gidaje na ci da wuta suna tafiya a kansa. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne. Wanda bai wuce gwiwa ba ma yana kayar da ƙato. Iya iyo ba ya amfani a nan, don ba ruwan kaɗai ke kisa ba, abin da ya kwaso shi ke farfasa mutum. A Banda Aceh wani jirgin ruwa mai injin bada wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, sai a cikin unguwa aka same shi kilomitoci daga teku, yana nan har yau ana zuwa kallonsa. Komawar ruwan ma wani bala'in ne, yana jan komai zuwa teku.

Abu biyu ke yaudarar mutane, kuma sun kashe jama'a ba adadi.

Na farko janyewar teku. Wani lokacin kafin ruwan ya zo sai tekun ya ja baya sosai, ƙasan da ba a taɓa gani ba ta bayyana, ga kifi yana ta tsalle a kan yashi. A Tailan da Sumatra mutane sun sauka kallo, wasu da kwanduna suna tsintar kifi, wasu na ɗaukar hoto. A wani bakin ruwa a Phuket ta Tailan wata yarinya ƴar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, da aka koya musu abin a darasin labarin ƙasa makonni kaɗan kafin nan, ita ta gane alamar ta tada hankalin iyayenta har aka kwashe mutanen wurin. Sai dai kar a riƙe wannan a matsayin doka, ba kullum teku ke ja baya ba, wani gefen tudun ruwan ne ke fara isowa babu sallama. Wanda ya ce sai ya ga ya janye zai gudu yana iya makara.

Na biyu, igiya ba ɗaya ba ce, kuma ta farko ba lallai ita ce babba ba. A Siri Lanka, a ƙauyen Peraliya, igiyar farko ta tsayar da wani jirgin ƙasa cike da fasinjoji, mutanen gari ma suka ruga suka hau shi suna ganin ƙarfe ne mai nauyi zai kare su, ta biyu da ta zo sai ta ɗauke taragon ta wuntsila su, fiye da mutum 1,000 suka tafi a nan. A 1960 girgizar Chile mai maki 9.5, wadda ba a taɓa auna irinta ba, ta turo ruwa ya ƙetare tekun Pasifik ya isa Hilo a Hawai bayan awa 15. An busa jiniya, an sanar, amma wasu ba su tashi ba, wasu da suka ga igiyoyin farko ƙanana ne sai suka koma gida, ta uku ta kashe 61. Ruwan bai tsaya ba sai Japan, bayan kusan kwana guda, can ma ya kashe fiye da 100.

Yanzu maganar na'urori. Bayan 2004 duniya ta ji kunya, kuma ya kamata ta ji, don masana a cibiyar gargaɗi ta Hawai sun ga girgizar a na'urorinsu cikin mintuna, amma tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi, ba na'urar auna ruwa, ba a ma san wa za a kira a waya ba. Ruwan ya ɗauki wajen awa biyu kafin ya isa Siri Lanka da Indiya da Tailan, ya ɗauki wajen awa bakwai kafin ya isa Somaliya, inda ya daki garin Hafun, kuma mutum kusan 300 suka mutu a ƙasar. Awa bakwai fa! Ko da ƙafa mutum ya isa ya bar gari ya hau tudu ya yi salla ya huta. Kenya da labari ya isa gare ta aka kori mutane daga bakin ruwa, mutum ɗaya ta rasa. A 2006 aka kafa tsarin gargaɗi na tekun Indiya ƙarƙashin UNESCO. Yadda yake aiki shi ne na'urorin auna girgiza su fara faɗin inda ta faru da ƙarfinta, sannan akwai wata da ake ajewa a ƙasan teku tana auna nauyin ruwan da ke kanta, ko santimita kaɗan ya ƙaru za ta ji, ta aika wa wata da ke yawo a saman ruwa, ita kuma ta tura wa tauraron ɗan adam, daga nan sai cibiya, sai gwamnatoci, sai rediyo da waya da jiniya.

Wannan tsarin yana da kyau ƙwarai ga wanda ke nesa. Ga wanda ke zaune daf da inda ƙasa ta tsage kuwa, gaskiya ba zai cece shi ba, kuma nan ne mafi yawan mutane ke mutuwa. Banda Aceh minti ashirin zuwa talatin ta samu. Birnin Palu a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, ranar 28 ga Satumba 2018, ƴan mintuna kawai, ga wuta ta ɗauke, ga turakun waya sun faɗi saƙo ba ya shiga, kuma daga baya hukumomin ƙasar da kansu suka faɗa cewa na'urorin da aka zuba a teku sun daina aiki tun 2012, ba kuɗin gyara, wasu kuma an lalata su. Girgizar da ruwan da ƙasar da ta narke ta haɗiye unguwanni sun kashe fiye da 4,000. Wata uku bayan nan gefen dutsen Anak Krakatau ya zaftare cikin teku da dare, babu wata babbar girgiza balle na'ura ta yi ƙara, ruwa ya faɗa wa mutane har da masu kallon wasa a bakin teku, fiye da 400 suka rasu. Don haka masana ke nanatawa cewa ga na kusa, girgizar ita ce jiniyar. In ta yi ƙarfin da ba ka iya tsayuwa, ko ta daɗe ta kai minti guda ko da a hankali take, da ta lafa kama hanyar tudu, kar ka jira sanarwar kowa. Wannan na "ko da a hankali take" ba ƙari ba ne, a tsibiran Mentawai na Indonesiya a 2010 girgizar ba ta ji wa mutane tsoro ba, lilo kawai ta yi ta yi da su, ruwan da ya biyo ya kashe fiye da 400.

Japan ce ta fi koya min abu a wannan fannin, don ba ƙasar da ta kai ta shiri, amma ranar Juma'a 11 ga Maris 2011 da ƙarfe 2:46 na rana ta rasa mutum fiye da 18,000, da waɗanda aka ga gawarsu da waɗanda ba a gani ba har yau. Cikin minti uku hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi, wannan kam a yaba mata, sai dai lissafin farko ya raina girgizar, aka ce ruwan mita 3 ne a jihohin Iwate da Fukushima, mita 6 a Miyagi. Mutumin garin Taro da ke da katangar siminti mai tsayin mita 10, wadda ake zuwa daga ƙasashe ana kallonta, in ya ji an ce mita 3 me zai sa ya gudu? Kafin a gyara lissafin wuta ta ɗauke a wurare da yawa. Ruwan ya haure katangar ya karya wani ɓangarenta ya share garin. A wasu kwazazzaban yankin Miyako ya hau tudu har kusan mita 40.

Ba wai katanga ba ta da amfani ba. A ƙauyen Fudai wani shugaban ƙaramar hukuma, Kotoku Wamura, ya dage sai an gina ƙofar tare ruwa mai mita 15.5, aka yi ta masa surutu wai ɓarnar kuɗi ce, ya rasu bai ga ranarta ba, amma a 2011 ita ta tsare gidajen ƙauyen. Katanga tana rage ƙarfin ruwa, tana ƙara wa mutane mintuna. Illarta ita ce tana sa zuciya ta kwanta, kuma tana tare wa mutum ganin teku. Duk katanga an gina ta ne a kan ruwan da aka taɓa gani, shi kuwa ruwa ba alƙawari ya yi ba. Tashar nukiliya ta Fukushima ma haka ta faru da ita, ruwan ya fi abin da aka shirya masa, ya shiga ya kashe janaretocin da ke sanyaya injinan.

Makarantu biyu sun isa misali. A Kamaishi wani malamin jami'a, Toshitaka Katada, ya shafe shekaru yana koya wa ƴan makaranta abu uku: kar ku yarda da taswirar da ta ce nan ruwa ba zai zo ba, ku yi iyakar ƙoƙarinku, kuma kowa ya zama shi ne farkon mai gudu. Na ukun nan ya fi wuya, don ɗan adam ba ya son a ce shi ne matsoraci, kowa na satar kallon na kusa da shi ya ga ko zai tashi. Ran da abin ya faru ƴan ƙaramar sakandare suka zuba a guje suna ihu, ƴan firamaren da ke kusa, waɗanda aka riga aka hau da su bene, suka gan su suka sauko suka bi, manya na riƙe da hannun ƙanana, suka isa wurin da aka tanada don fakewa, suka ga bai yi musu ba suka ƙara gaba, suka sake ƙarawa. Ruwa ya cinye makarantun biyu da wurin fakewar farkon. Cikin yara kusan 3,000 na garin ƙalilan ne suka rasu, alhali garin ya rasa fiye da mutum 1,000.

A firamaren Okawa da ke Ishinomaki kuwa, an fito da yara fili an jera su kamar yadda doka ta ce, malamai suka tsaya shawara, a hau tudun da ke bayan makaranta ko kar a hau, kar bishiya ta faɗo, kar yaro ya zame. Taswira ta nuna ruwa ba ya zuwa nan, makarantar ma kilomita huɗu take daga teku, ita kanta wurin fakewa ce a takarda. Kusan minti hamsin ana tsaye. Da aka tashi tafiya sai aka nufi wajen gada, ruwan kuma ta kogin Kitakami ya biyo ya tare su. Yara 74 cikin 108 da malamai 10. Iyaye sun kai ƙara kuma kotu ta ba su gaskiya, ta ce tun kafin ranar ya kamata a ce an tsara inda za a gudu. Ni ban ga malaman nan a matsayin mugaye ba, su ma ai sun mutu, mutane ne da aka horar su bi takarda su jira umarni, ranar kuma takardar ba ta ce komai ba.

Akwai wata koyarwa ta mutanen wannan gaɓar ta Japan da suke kira tendenko, wato in ruwa ya taho kowa ya yi ta kansa, kar uwa ta koma neman ɗa, kar ɗa ya koma neman uba. Da farko sai ka ji abin ba daɗi, mu da muke ganin ba mutunci ba ne ka bar tsohonka a baya. Amma mutane da yawa a 2011 a hanyar komawa gida ɗauko wani suka mutu, wani lokacin ma wanda aka je ɗaukowar ya riga ya tsira. Abin yana aiki ne kawai in an zauna tun ana lafiya an yi magana a gida: in ta faru kowa ya nufi tudu kaza, can za mu haɗu, kar wanda ya nemi wani. Inda koyarwar ta gaza shi ne tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya gudu, kuma fiye da rabin waɗanda suka mutu a Japan sun haura shekara 60. Wannan sai unguwa ta tsara tun da wuri wa zai ɗauki wa, da me, ta wace hanya.

Sauran shirin ba shi da wani sirri. Mutum ya san tudun da ya fi kusa da gidansa da wurin aikinsa, ya taka da ƙafa ya ga minti nawa ne, har da dare. Ana so a kai tsayin mita 30 ko a yi nisan kilomita biyu zuwa uku daga gaɓa, in ba hali a hau bene mai ƙarfi na kankare, hawa na huɗu zuwa sama. A nisanci kogi. A bar mota in ba dole ba, don a waccan girgizar ta 2012 Banda Aceh cushewa ta yi da motoci da babura, gosulo ko ina, da ruwa ya zo da an sake kuka. Wanda ke cikin jirgi a ruwa mai zurfi kar ya dawo gaɓa. Kuma kar a sauko sai an ce a sauko, ko da awa goma ne. Dazuzzukan bakin ruwa suna rage ƙarfin ƙaramar igiya, babba kuwa tumɓuke su take ta haɗa da su.

Mu nan gaɓar Afirka ta Yamma haɗarin kaɗan ne, don babu inda wani falan ke kutsawa ƙarƙashin wani a kusa da mu, kuma tumbatsar da teku ke yi a Legas yana cin gaɓa wani abu ne daban, iska ce da hawan ruwa. Wanda ya kamata ya riƙe wannan bayanin shi ne ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke zuwa Indonesiya ko Malesiya ko Japan, ko gaɓar Oman da Pakistan inda aka taɓa yi a 1945.

Babbar matsalar da ta rage ita ce mantuwa da talauci. Abu ne da kan yi shekara ɗari bai dawo ba, waɗanda suka gani su mutu, jikoki su ga fili a bakin ruwa mai araha kusa da jiragensu. A gaɓar Japan akwai duwatsun da magabata suka kafa suka rubuta kar a yi gini ƙasa da nan, ƙauyen Aneyoshi ya bi nasa kuma ruwan 2011 bai kai gidajensu ba, wasu garuruwan kuwa an daɗe da wuce duwatsun da gini. A Aceh ma mutane da yawa sun koma inda ruwa ya tashe su, kuma ban ga laifin masunci ba, ba za ka ce ya kwana kilomita biyar daga abincinsa ba ka ba shi komai ba. Japan ta zuba katangu na kusan kilomita 400 bayan 2011, ta kwashe wasu unguwanni zuwa tudu, garin Kuroshio da aka yi hasashen ruwa zai iya kai mita 34 ya gina hasumiyoyin ƙarfe da mutane za su hau. Padang kuwa a yammacin Sumatra, birni mai mutum wajen 900,000 a shimfiɗe a fili daf da teku, yana fuskantar wani ɓangaren tsagar nan ta ƙarƙashin teku a yammacin Sumatra da masana suka daɗe suna cewa bai gama sauke nauyinsa ba, lokacin da ake sa ran za su samu bai wuce rabin awa ba, kuma gine-ginen fakewar da ke akwai ba za su ɗauki jama'ar da ke zaune a bakin ruwan ba.